ALKAWARIN DA KE BIN ƘASA: TARIHIN SHARAƊIN HANA GINI A INGILA

 

Duk wanda ya daɗe bai zo gida ba, in ya sauka tasha abin da ya ke fara gani shi ne gari ya matso. Inda a ke yankan hatsi da, yanzu an kafa duwatsun iyaka, an jibge birgi da yashi. Shi ya sa a majalisa a ke yawan yin tambaya guda. Mutum in larura ta kama shi ya saida gefen gonarsa, yana iya ɗaura wa mai saye sharaɗi cewa noma kaɗai zai yi, ban da gini? In mai sayen ya yarda, daga baya ya saida wa wani, sharaɗin ya hau kan na biyun? In su duka sun rasu fa?

Ba mu muka fara wannan tambaya ba. Mutanen Ingila sun yi shekara fiye da 170 suna kai juna gaban alƙali a kanta. Za mu kawo muku tarihin abin kamar yadda ya gudana a can, don Hausawa sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

GARKAR DA KE TSAKIYAR LANDAN

Abin ya faro daga wata ƴar garka cikin birni. A 1808 wani mai dukiya, Tulk, yana da gidaje kewaye da dandalin Lesta a Landan, kuma garkar da ke tsakiyar dandalin tasa ce. Ya saida garkar ga wani mutum mai suna Elms. Cikin takardar ciniki Elms ya ɗauki alkawari, da sunansa da na magadansa da na duk wanda filin zai koma hannunsa, cewa za a bar wurin a buɗe, ba za a rufe shi da gini ba. Tulk yana da dalilinsa. Gidajen da ya riƙe suna kallon garkar, in aka toshe ta darajarsu ta faɗi.

Fili ya yi ta sauya hannu har ya zo ga wani mai suna Moxhay. Takardar da aka ba Moxhay ba ta ambaci sharaɗin ba, amma shi da kansa ya amsa cewa ya san da shi tun kafin ya biya kuɗi. Duk da haka ya ce gini zai yi. Hujjarsa ita ce shi bai yi wa Tulk alkawarin kome ba, wanda ya yi alkawari shi ke ɗaukar kayansa. Bisa tsohuwar dokar ƙasar wannan hujja tana da ƙarfi, don alkawari tsakanin waɗanda suka ƙulla shi ya ke tsayawa.

To, a Ingila ta wancan zamani kotu iri biyu ce. Akwai masu bin tsohuwar doka daki-daki, akwai kuma kotun Babban Alƙalin ƙasa, wadda ke duba abin da mutum mai gaskiya zai yarda da shi a zuciyarsa. Can Tulk ya kai ƙara. A 1848, shekara 40 bayan cinikin farko, Babban Alƙali Cottenham ya hana Moxhay gini. Dalilin da ya bayar kowane ɗan kasuwa zai gane shi. Filin da ke ɗauke da sharaɗi da araha a ke saida shi. In aka ce sharaɗin yana mutuwa da zarar fili ya sauya hannu, to mai saye zai karɓa yau da araha, gobe ya saida da tsada ga wanda zai taka sharaɗin, ya ci ribar alkawarin da ya karya. Don haka duk wanda ya sayi fili alhali ya san da sharaɗi a kansa, sharaɗin ya hau kansa.

Daga wannan hukunci alkawari ya tashi daga kan mutum ya koma kan ƙasa. Wannan shi ne abin da za mu kira sharaɗin hani.

Ita garkar ba ta huta nan take ba. A 1851, bayan an daidaita da dangin Tulk, an kafa wani babban gini a kanta wanda ke nuna wa ƴan kallo siffar duniya, sai 1862 aka rushe shi. A 1874 wani attajiri, Albert Grant, ya saye ta ya gyara ya ba jama'ar birni kyauta. Har yau garka ce. Ku lura da wannan: sharaɗin ya hana baƙo gini, amma da masu haƙƙin suka yarda, gini ya tashi.

IYAKOKIN DA ALƘALAI SUKA SA

Da masu ƙasa suka ga ƙofa ta buɗe, kowa ya shiga cusa sharuɗɗa cikin takardun ciniki. Alƙalai suka ga in aka bar abin haka, matattu za su ɗaure rayayyu har abada. Sai suka ja masa linzami.

Na farko, a 1881 kotu ta ce hani kaɗai ke bin ƙasa. Ana iya ce wa mai saye na biyu kada ka yi gini, kada ka buɗe kanti, kada ka wuce gida ɗaya. Ba a iya tilasta masa ya fidda kuɗi daga aljihunsa ya gyara katanga ko hanya don wani ya yi alkawarin haka tun bai zo ba.

Na biyu, sai mai ƙara ya kasance yana da ƙasa kusa wadda sharaɗin ke karewa. A 1914 hukumar birnin Landan kanta ta sha kaye a kan haka. Wani magini ya yi mata alkawari ba zai gina wani fili ba, filin ya koma wani hannu, gini ya tashi. Da hukumar ta kai ƙara aka tambaye ta ina ƙasarta da ke maƙwabtaka da wurin. Ba ta da ita, ƙara ta faɗi. Sharaɗin hani haƙƙin maƙwabci ne. Mai wucewa, kome son da ya ke yi wa wurin, ba shi da bakin magana.

Na uku, rajista. Majalisar ƙasar ta yi manyan dokokin ƙasa a 1925, aka ce duk sharaɗin da aka ƙulla daga 1926 sai an rubuta shi cikin littafin hukuma. In ba a rubuta ba, wanda ya sayi filin da kuɗinsa ya kuɓuta, ko da ya ji labarin sharaɗin a bakin mutane.

Na huɗu, cikin dokokin nan na 1925 an buɗe hanyar kwance sharaɗi. Sashi na 84 na dokar dukiya ya ba mai fili dama ya roƙi a soke sharaɗi ko a sassauta shi, in zamani ya wuce shi, ko masu haƙƙi sun yarda, ko sokewar ba za ta cuce su ba. A 1969 aka ƙara faɗaɗa hanyar: in sharaɗi yana hana amfani mai ma'ana da fili, kuma ba ya tsare wa maƙwabci wani abu mai nauyi, ko yana cin karo da amfanin jama'a, ana iya kwance shi a biya diyya.

BIRNI YA FITA DAJI

Tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu an gina gidaje wajen miliyan 4 a ƙasar. Jirgin ƙasa da mota sun sa mutum yana iya kwana a ƙauye ya yi aiki a birni. Manyan gandaye na sarakai suka shiga kasuwa saboda haraji da bashi, magina suka bi bakin hanyoyi suna jera gidaje cikin gonaki. Nan ne sharaɗin hani ya zama makamin mutanen karkara. Mai gandu in zai saida gefe, sai ya rubuta cewa ba za a gina ba, ko ba za a wuce gida kaza ba, don ya tsare abin da ya rage a hannunsa.

Akwai wata ƙungiya, National Trust, da aka kafa a 1895 don tsare wurare masu kyau da na tarihi. Dokar 1907 ta ba ta ikon ɗaure ƙasarta yadda ba a saida ta ba a jinginar da ita, kusan abin da malamanmu ke kira waƙafi. Amma ba kowane manomi ke son rabuwa da gonarsa ba. Sai dokar 1937 ta ba ƙungiyar wata dama: manomi ya riƙe gonarsa yana nomawa, ya yi wa ƙungiyar alkawarin ba za a gina ta ba, ita kuma tana iya kai ƙara ko ba ta da taƙi ɗaya kusa da wurin. An toshe wa wannan ƙungiya ramin da hukumar Landan ta faɗa a 1914. Dokar muhalli ta 2021, wadda wannan sashi nata ya fara aiki a 2022, ta faɗaɗa irin wannan dama ga ƙungiyoyi da hukumomin da gwamnati ta amince da su.

Gwamnati ma ta shigo da nata. Dokar 1938 ta fara kewaye Landan da ƙasar da a ke bari ba gini, wadda a ke kira koriyar ɗamara, kuma a 1955 aka nemi sauran birane su yi haka. Dokar tsarin gari ta 1947 ta ce ba mai yin gini sai da izinin hukuma. Daga nan ƙofar gini ta zama mai makulli biyu. Izinin hukuma makulli ɗaya ne, sharaɗin maƙwabci makulli ne dabam. Magini yana iya samun takardar hukuma a hannu, maƙwabci ya fito da tsohuwar takardar kakansa ya tsai da shi. Shari'u biyu za su nuna muku yadda wannan ya kaya.

WANDA YA MAKARA

A 1935 mai sarautar Strafford ya saida wani yanki na gandunsa na Wrotham Park, arewa da Landan, kusa da garin Potters Bar. Sharaɗin shi ne ba za a yi gini ba sai bisa tsarin da mai gandu ya gani ya yarda. Aka gina unguwa, aka bar wani fili a tsakiya ba kome. Shekaru suka wuce. A 1971 wani kamfanin gini, Parkside, ya sayi filin da aka bari, ya samu izinin hukuma, ya fara aiki ba tare da yardar masu gandu ba.

Masu gandu sun shigar da ƙara, amma ba su roƙi kotu ta tsai da aikin nan take ba. Shari'a tana tafiya, gini yana tafiya. Kafin a zo hukunci gidaje fiye da 10 sun tsaya, an saida su, mutane sun tare da iyalansu. Alƙali Brightman ya tabbatar an karya sharaɗi. Amma ya ƙi ba da umurnin rushewa, ya ce zubar da gidaje lafiyayyu alhali mutane suna neman wurin kwana ɓarna ce da ba ta da uzuri. Sai ya yi lissafin abin da masu gandu za su iya nema da an zo an roƙe su tun farko. Ribar da kamfanin ya sa ran samu fam 50,000 ce, ya yanka musu kashi 5 cikin 100, wato fam 2,500. Suna da gaskiya, suna da takarda, amma fili ya tafi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

WANDA YA YI GANGANCI

Shari'a ta biyu ta faru kusa da garin Maidenhead, yamma da Landan, cikin koriyar ɗamara. A 1972 wani manomi ya saida wa wata masana'anta da ke maƙwabtaka da shi gefen gonarsa, da sharaɗin ba za a yi gini a wurin ba, sai dai a aje motoci. Manomi ya rasu, ɗansa ya gaje shi. A 2012 ɗan ya ba wata ƙungiyar agaji, Alexander Devine, wani yanki na gonar kyauta, don a gina gidan jinyar yara waɗanda ciwonsu ba ya jin magani, su samu wuri mai natsuwa su da iyayensu. Haƙƙin sharaɗin 1972 ya bi ƙasar zuwa hannun ƙungiyar.

Wani kamfanin gini, Millgate, ya mallaki filin masana'antar, ya san da sharaɗin sarai. Ya samu izinin hukuma na gidaje 23 masu sauƙin haya, irin na masu ƙaramin ƙarfi, 13 daga ciki a kan wurin da aka hana. A 2014 ya fara aiki. Ɗan manomin ya rubuta musu takarda ya ce su dakata, ba su dakata ba. Sai da gini ya tsaya, a 2015, suka je kotun filaye suna roƙon a kwance sharaɗin bisa sashi na 84. Hujjarsu ita ce ga gidaje an gama, ga talakawa suna jira, barinsu a rufe ya saɓa wa amfanin jama'a. A 2016 kotun filaye ta yarda da su, ta ce su biya ƙungiyar diyya fam 150,000.

Ƙungiyar ba ta haƙura ba. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, kuma a watan Nuwamba 2020 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta ƙi kwance sharaɗin. Wannan ne karo na farko da sashi na 84 ya kai gaban kotu mafi girma tun da aka yi shi. Abu biyu alƙalan suka riƙe. Kamfanin yana iya tsara gidajen 23 duka a ɓangaren filin da ba shi da sharaɗi, kuma hukuma ta nuna da ta yarda da hakan. Sa'an nan da gangan ya yi gini tukuna ya zo roƙo daga baya, don ya sa kotu gaban abin da ya riga ya faru. Kotun ba ta ce a rushe gidajen ba, don ba wannan aka kawo gabanta ba. Amma a lokacin sharaɗin ya tsaya, kuma magina sun ji cewa gina-tukuna-ka-roƙa ba hanya ce mai tabbas ba.

WUƘA MAI BAKI BIYU

Kada mu ɓoye ɗaya gefen. Takardar da ke tsare gona tana iya zama takardar korar mutane. A Amurka, wadda ta gaji wannan fanni na doka daga Ingila, an yi shekaru ana rubuta sharaɗi cikin takardun gidaje cewa ba za a saida wa baƙar fata ba, ba za a ba shi haya ba. Sai a 1948, cikin shari'ar iyalin Shelley na birnin St. Louis, Kotun Ƙolin Amurka ta ce kotuna ba za su ƙara tilasta irin wannan sharaɗi ba, kuma dokar 1968 ta haramta wariya wajen saida gida da haya. A Ingila ma gardama ba ta ƙare ba. Wanda ya riga ya samu gida yana son sarari gabansa, saurayin da ke neman ɗaki yana ganin tsohuwar takarda ce ta tare masa hanya. Kowannensu yana da tasa gaskiya.

ABIN DA YA SHAFE MU

Kada wani ya ɗauka hukuncin Landan zai ci a kotun Maraɗi ko Damagaram. Dokarsu dabam, tamu dabam. Mu ƙasarmu tana tafiya bisa al'ada, da shari'ar Musulunci wajen gado, da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye, waɗanda daga baya aka saukar har matakin ƙauye, masu rubuta takardar saye, da kyauta, da aro, da jingina.

Amma sharaɗi a kan ƙasa ba baƙo ba ne gare mu. Dattawa sun sani, wanda aka ba aron gona ba ya dasa icce ba ya gina rijiya sai da yardar mai ita. Burtali da makiyaya da maƙabarta kowa ya san ba a taɓa su. Bambancin shi ne namu a baki ya ke, yana rayuwa muddin shaidu suna raye. Ko abin da hukuma ta tsare da kanta, in ba mai gadi, yana zaizayewa. Ɗamarar itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, mazauna birnin sun ga yadda yankan filaye ya ci wani ɓangare nata.

Tarihin nan ya nuna abu huɗu ke riƙe sharaɗi. A rubuta shi da kalmomin da ba su da harshen damo. A aje shi inda mai saye na gaba zai gan shi. A san wanda ke da haƙƙin tsayawa a kansa bayan mai shi ya kau. Wannan mutum kuma ya yi magana tun ana haƙa tushe, kada ya jira a sa rufi. Duk wanda zai sa sharaɗi cikin takardar ciniki, ya fara zama da mai gari da kwamitin filaye da wanda ya san doka, ya tambaya ƙarara ko zai hau kan mai saye na biyu.

Mu ƴan bida kuma mu duba kanmu. Sau da yawa kuɗinmu ne ke sayen filayen nan, mu ne kuma ke kukan gonakin gari sun ƙare. Yaranmu suna bukatar ɗaki, suna kuma bukatar tuwo. Gara gari ya zauna tun yanzu, da dattawa da matasa da makiyaya, a nuna gefen da gini zai bi da gefen da za a bar wa hauya da dabba, a rubuta, kowa ya sa hannu. Tun ran gini, tun ran zane.

Wanda ke da abin ƙarawa, ko dattijon da ya san wani tsohon sharaɗi a kan wata gona ko fadama ta gari, ya aiko mana mu rubuta tun masu sani suna nan. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya gida lafiya. Amin.